Murhun Gazwal na Jirgin Kawu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, matan da suka cika tsakar gidanmu a Harobanda sun fi danginmu yawa, kuma rabinsu ban san sunansu ba. Sun zo ƙafafunsu duk laka, wasu ɗauke da kwandunan da ba su kai kasuwa ba. Matan lambu ne daga ƙauyukan bakin kogi da ke sama da Yamai, waɗanda jirginsa ke ɗaukowa kowace safiya da salati da shu, wato kabeji, da kabewa. Kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta ce "fonda tilas", gaisuwar mutuwa ta Zabarmawa, sannan ta nemi gefe ta zauna. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Mun faɗa mun sake faɗa har bakinmu ya bushe.

A waje kuma masu jirage ne suka jeru a kan tabarmi. Ina kai musu ruwa na ji ɗayansu yana cewa, "Mutumin tudu ya zo ya fi mu sanin kogi, kuma har ya mutu bai iya iyo ba." Suka yi ƴar dariyar da ake yi a zaman makoki, wadda ba ta kai ko'ina take komawa shiru.

A rana ta uku, wata tsohuwa mai sayar da kabewa, wadda ta fi kowa daɗewa tana shiga jirgin, ta tashi za ta tafi. Ta tsaya a bakin zaure tana neman takalminta, ta ce kamar da kanta take magana, "To, sanyi na tafe. Bana wa zai kunna mana wuta?"

Yaya, babban ɗan Kawu, yana tsaye a wurin. Na ga fuskarsa ta ɗaure. Bai ce mata komai ba sai "Allah ya ba da lada", amma ni na san an taɓo wurin da ke masa ciwo.

Ni ɗiyar ƙanwar Kawu ce. Daga Tahoua na zo Yamai karatun jami'a, na sauka gidansa, kuma ban bar gidan ba har na zama malamar lekol, wato makaranta, a unguwar Lamorde. Abin da na sani game da shi na ga dama in rubuta, tun kafin masu saninsa su ƙare.

Da albasa ya fara zuwa Yamai yana saurayi. Ya ce ranar da ya fara ganin kogin daga kan gada sai da ya riƙe ƙarfen gefe, don bai taɓa tsammanin ruwa zai iya yin wannan faɗi ba. Yadda aka yi mai tsoron ruwa ya sayi jirgi, kowa da labarin da yake bayarwa. Shi dai cewa yake yi ya lura kayan lambu na ruɓewa a ƙauyuka don babu mai kawo su, shi ke nan. Jirgin dogo ne siriri na katako, mai rumfar tabarma a tsakiya da inji a baya, irin wanda ake kira finas. A shekarunsa na farko da bidon fanko, wato jarkar da ba komai a ciki, ɗaure a ƙugu yake shiga, masu jirage suna masa dariya. In sun tsokane shi sai ya ce, "Ni na san ban iya ruwa ba, shi ya sa kullum nake duba katakon jirgina. Ku da kuka iya, yaushe rabonku da dubawa?"

Murhun ya shigo jirgin ne bayan wani abu da ya faru tun Yaya yana goye. Lokacin sanyi ne, lokacin da kogin ke cika ya yi baƙi. Su Kawu suna dawowa da sassafe sai suka tarar dorina ta kifar da wani ƙaramin kwale-kwale mai mata uku. Kawu da mutanen jirginsa suka ciro su duka da rai. Biyu suka farfaɗo. Ta ukun ta yi ta rawar ɗari a cikin jiƙaƙƙen zane, aka lulluɓa mata buhuna, aka cire riguna aka ɗora mata, amma babu wuta a jirgin, gaɓa kuma duk fadama ce, ba wurin tsayawa. Kafin su iso gari ta cika. Ɗaya daga cikin biyun da suka rayu ita ce tsohuwar nan mai kabewa. Wadda ta rasu ƙanwarta ce.

Inna ta ce kwana biyu Kawu bai ci abinci ba. A rana ta uku ya tafi wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya dawo da wani abu a kan amalanke. Kamar ƙaramar ganga yake, tsayinsa bai wuce gwiwa da kaɗan ba, yana da bututun hayaƙi da ƙaramin tanki a gefe, wanda gazwal, wato man dizal, ke ɗigowa daga cikinsa ɗis-ɗis zuwa wani kasko a ciki. Ya kafe shi da kusoshi a tsakiyar jirgi, ya huda rumfa ya fitar da bututun sama. Tun daga ranar, duk safiyar sanyi, da an idar da sallar asuba, kafin a tayar da inji sai an kunna murhu.

Ba ya barin kowa ya taɓa shi. Zai tsuguna ya shinshina famfon tankin, ya shafa ƙarƙashinsa da yatsa ya duba, ya jawo bokitin yashi kusa, sannan ya yi bisimilla ya saka ƴar tsumma mai wuta. Matan sukan kewaye murhun da kwandunansu a baya, masu goyo a gaba. A kansa ake ɗumama kunu, a kansa ake busar da zanen jariri. In wata ta matso da yawa sai ya buga ƙarfen da cokali sau biyu, ba tare da ya ɗaga kai ba, ita ma ta ja baya ba tare da ta daina hira ba.

Sau ɗaya ya bar ni na riƙe famfon. Shekarata ta farko a jami'a na faɗi jarrabawa, na haɗa kayana na ce Tahoua zan koma. Bai yi mini faɗa ba. Da asuba ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce, "Ɗiyata, taso ki raka ni." Ya zaunar da ni gaban murhu ya ce in lura da ɗigon, kada ya yi sauri, kada ya tsaya. Muka je muka dawo bai ƙara ce mini komai ba, ni kuwa ina kuka ina ƙirga ɗigo. Da muka sauka ya karɓi famfon ya rufe, ya dube ni ya ce, "Hannunki ba ya rawa. Mai irin wannan hannu ba ta gudu saboda takarda ɗaya." Da yamma na kwance kayana.

Ba zan ce ba shi da laifi ba, don yana da taurin kai, kuma Yaya ne ya fi kowa shan sa. Bayan Yaya ya girma ya karɓi tuƙin inji, wata safiya mai iska tiyon gazwal ya tsage, man ya malala, wuta ta kama tabarmar rumfa. Bidon ɗin esansi, wato fetur ɗin inji, yana nan baya, taku biyar tsakani. Yaya ne ya danne wutar da jiƙaƙƙen buhu, ta cinye masa fatar hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Suna isowa gaɓa, tun kafin a ɗaure masa hannun, ya ɗauko sifana ya fara kwance kusoshin murhun.

Kawu ya ce, "Me kake yi?"

"Baba, mata talatin ne a jirgin nan yau. Da ta kai bidon, da wa za ka ciro?"

"Tiyo ne ya lalace. Za a sauya."

"Ni ba zan ƙara tuƙa jirgi da wuta a cikinsa ba."

Kawu ya ce, "To in ka sauke shi, ka sauka tare da shi."

Yaya ya ajiye sifanar a kan katako, ya sauka shi kaɗai. Shekara biyu yana kabu-kabu da babur a cikin gari, yana cin abinci a gida ɗaya da ubansa, gaisuwa kawai ke haɗa su. Kawu ya cire tiyon roba ya sa na jan ƙarfe, amma bai taɓa ce wa ɗansa ya yi haƙuri ba. Na san abin na damunsa, don duk lokacin da Yaya ya naɗe hannun riga zai yi alwala, sai Kawu ya kawar da kai. Yaya bai koma jirgi ba sai da tari ya fara kama uban.

Tarin ya daɗe. Da muka kai shi asibiti likita ya duba hoton ƙirjinsa ya tambaye shi ko yana shan taba. Kawu ya ce ko sau ɗaya bai taɓa ba. Likita ya ce, "To wane hayaƙi kake shaƙa, Baba?"  Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Likitan bai yanke cewa murhu ne ba, ya ce yana iya zama shi, yana iya zama wani abin. A ƙarshen damina Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Yaya ya same ni ina wanke kwanoni ya ce, "Gobe zan cire shi. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani."

Ni ba ni da gado a jirgin, na sani. Amma Yaya taubashina ne, kuma tun muna yara nake faɗa masa abin da ƙannensa ba sa iya faɗa. Na ce, "Ba za ka cire ba."

"Ya ƙone ni, ya kashe ubana. Me kuma kike so ya yi?"

"Likita bai ce shi ya kashe shi ba."

"Ke ba ki zauna bayan murhun nan ba. Ni ina baya wurin inji, ina ganin hayaƙin na fita ta gefen bututu yana shiga fuskarsa. Shekara da shekaru. Yanzu so kike jarirai su ci gaba da shaƙa?"

Gaskiya ya faɗa. Muka je wurin Inna, wadda ke takaba a ɗakinta. Na ɗauka za ta goyi bayana saboda mijinta. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Ni na tsani abin nan tun ranar da ya shigo. Ni na wanke warinsa a tufafi, ni na kwana ina jin tarin. In don ni ne, a jefa shi kogi." Ta gyara lulluɓinta, ta dubi Yaya. "Amma ba don kansa ya saya ba, ba kuma don ni ba. Ka tambayi masu shiga jirgin tukuna."

Yaya ya ce babu amfanin tambaya, kowa ya san abin da za su ce. Ni na tambaya. Na bi jirgin ranar Lahadi, na zauna cikin matan, na gaya musu maganar hayaƙi da maganar likita ban ɓoye komai ba. Wasu suka tsorata, wata mai goyo ta ce gara sanyi da ciwon ƙirji. Sai tsohuwar mai kabewa ta ce, "Ɗiyata, ni na riƙe ƙanwata a jirgin nan. Hannunta ya fi ruwan sanyi. Na yi ta hura mata iskar bakina. In murhun na da ciwo, a yi masa magani. Kada a bar mu a tsakiyar ruwa babu wuta."

Yaya yana baya riƙe da inji, amma ya ji. Da muka sauka na ce masa ya ba ni zuwa shigowar sanyi. In na gyara shi hayaƙi ya daina fita ta ko'ina sai ta sama, a bar shi. In na kasa, ni da kaina zan kira masu tsofaffin ƙarafa.

Ya ce, "Wa zai ce ya daina? Ke?"

Na ce, "Kai. Ka zo da farin ƙyalle ka naɗa a kowace gaɓa ta bututun, mu kunna a gaɓar kogi. In ya yi baƙi, ka ci."

Ya yarda, ina jin don ya tabbata zan kasa.

Shi ya kwance mini kusoshin, na sa aka ɗora murhun a kan amalanke zuwa wurin wani mai walda a Lamorde, kusa da lekol ɗinmu. Mutumin ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya zura yatsa a gindin bututu, sai ga yatsan ya fito ta ɗaya gefen. Tsatsa ta cinye wurin, Kawu ya yi ta liƙewa da laka da tsumma. Na tsaya ina kallon tsumman, na gane yankin wani tsohon rawaninsa ne. Ashe ya san yana yoyo. Bai gaya wa kowa ba, ina jin don kada Yaya ya sami hujja. Wannan ya ba ni haushinsa ƙwarai, a karo na farko tun da ya rasu.

Mai walda ya ce, "Madam, wannan ya gama aiki. Ki bar shi ya huta."

Na ce, "Gangar fa? Ita ma ta mutu?"

Ya sake ƙwanƙwasawa ya ce gangar da sauranta, ƙarfen da ne. Na ce to a yanke bututun duka a yi sabo, a yi masa murfi mai kamawa. Kullum in na tashi daga aji sai na biya. Ya gaji da ni har in ya hango ni sai ya ce wa maƙwabcinsa, "Ga sufeto nan ta iso."

Ranar gwaji Yaya ya zo da farin yadi sabo, ya yayyaga, ya naɗa a gaɓoɓi huɗu. Na kunna yadda na ga Kawu yana yi. Muka zauna awa guda a bakin ruwa, masu jirage sun kewaye mu suna kallo. Da ya kwance, uku fari tas. Na huɗun, wanda ke kan murfi, ya yi baƙin zobe.

Yaya ya miƙo mini shi ya ce, "Shi ke nan ko?"

Na ce, "Sanyi bai shigo ba tukuna."

"Ke wallahi halinsa kika ɗauko."

"Shi liƙewa ya yi da tsumma. Ni komawa zan yi wurin mai walda."

 Ya juya ya kama gefe ɗaya na murhun, ya ce wa mai amalanke ya kama ɗayan.

Sau biyu muka koma. A karo na biyu Yaya ne ya raka ni, kuma shi ya gano murfin a karkace yake, ya sa aka daddale shi aka yi masa maƙulli. A gwaji na uku ƙyallayen huɗu suka fito fari. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a rana, ya juya, ya shinshina. Bai ce na ci ba. Ya dai ce ba za a mayar da shi tsakiyar jirgi ba. Ya auna da ƙafa tun daga bidon ɗin esansi har kusa da goshin jirgi, ya ce nan za a kafa, a shimfiɗa faranti na ƙarfe a ƙasa, a yanke tabarmar rumfa ta yi nesa da bututu, bokitin yashi ya zama biyu.

"Kuma ni ba zan kunna ba," ya ce. "Ba zan iya ba. Ki nemo mai kunnawa."

Ni ina da aji da safe, sai ranar da babu lekol. Na koya wa mata uku, tsohuwar mai kabewa ta huɗu, ko da yake ita gyara mini ta yi ta yi, don ta fi ni daɗewa tana kallo.

Safiyar da sanyi ya fara cizo sosai na bi su. Kogin ya cika, tururi na tashi a kansa. Tsohuwar ta tsuguna ta saka wuta, murhun ya yi gurnani kaɗan ya kama, hayaƙi ya miƙe sama. Mata suka matso. Kafin a tayar da inji Yaya ya tako daga baya, yana tsallake kwanduna, ya ciro sabon farin ƙyalle daga aljihu ya ɗaura a gindin bututun da kansa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, da Hausa sannan da Zabarmanci, ya ce, "Wannan zai zauna a nan kullum. Kowa ta ga ya fara baƙi ta gaya mini. Ranar da ya yi baƙi a kashe wuta, ko muna tsakiyar ruwa, kuma ba za a sake kunnawa ba sai an gyara."

Sannan ya dube ni ya ce, "Kin yarda?"

Na ce, "Na yarda."

Ya koma baya ya ja igiyar inji, jirgi ya bar gaɓa.

Kawu yana kwance a maƙabartar da ke bayan unguwarmu. Allah ya yafe masa taurin kansa da abin da ya ɓoye mana. Ya sa duk jikin da ya ɗumama a kan ruwan nan ya zama shaida a gare shi, ya yalwata masa makwanci, ya sa mu tarar da shi cikin rahama in tamu ta zo.